Sojojin Ingila a Bangon Yayana

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar walimar sabon gidan yayana a unguwar Rusaifa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mu haifaffun Makka ne. Kakarmu ce kaɗai ta rage mai ba da labarin zuwanmu: mahaifinta yana ƙarami uwarsa ta taho da shi a ƙafa daga ƙasar Sakkwato, bayan sojan Turawa sun harbe ubansa.

Da la'asar na ɗauko ta daga unguwar Misfala. Muna shiga falo ta tsaya cak. Bangon cike yake da zane-zanen da Yaya ya sayo daga waje, cikin firam mai ruwan zinariya. Sojojin Ingila ne na da, a kan dawaki, da jajayen riguna da maɓallai masu walƙiya. A wasu kuma sun sauka sun yi sahu, ana koya musu aiki da gajeriyar bindiga, wannan na ɗurawa, wancan ya durƙusa yana aunawa.

"Su wane ne waɗannan?" ta tambaya.

"Ado ne kawai, ya Sitti," in ji Yaya, yadda ake kiran kaka a Makka. "Waɗannan ma ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba."

"To, wa ya aiko waɗanda suka taka?" Ta nuna mai durƙuson da sandarta. "Babana ya ce haka suka durƙusa."

Da ya yi shiru, da magana ta mutu. Sai ya juya wajen abokansa yana dariya, ya ce musu da Larabci tsufa ne ya taɓa mata kai. Matar da ta fi shi Larabci! Ta fita ta zauna a matakalar bene, ko ruwa ta ƙi karɓa.

Na hau kujera a gaban baƙinsa, na sauke zanen ɗaya bayan ɗaya, na kife su a ƙasa.

"Ka haukace ne? Gidana ne fa!"

"Gidanka ne, Yaya. Amma wanda aka harbe kakanmu ne."

Na mayar da Kaka Misfala. Washegari Yaya ya sake rataye abinsa, ya kuma daina yi mini magana har bayan aikin Hajji. Ita kuwa har ta rasu ba ta ƙara taka gidan ba. Sai ranar zaman makokinta ya sauke zane-zanen da hannunsa, lokacin da babu amfani.

Abin da na koya ke nan: wanda bai san yadda aka yi ya zo inda yake ba, zai ƙawata ɗakinsa da abin da ya sa iyayensa kuka, har ya yi musu dariya.