Ranar da Anka Aike Ni Ga Taubashina

Taubashina tela ne a Ƙofar Taramniya, ɗan ƙanen innata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Ni in ce mashi bawana, shi ya ce mani ɓarawon tuwo. Haƙƙinmu ne, ko gaban liman munka yi ba mai tsawata muna. Ga shi da ci. Wallahi in ya zauna gaban tuwon shinkafa sai ka tausaya ma manoman fadama.

To wanga mutum ne ci ya gagara. Ciwon ciki, amai, rama. Unguwa duk ta zama likita, kowa ya ce olsa ce. Ya sha farin maganin olsa har na ce in anka tsaga shi alli za a tarar. Haka anka yi ta yi, sai ranar da cikin ya toshe ya kumbura kamar ganga, anka kwashe shi cikin Keke Napep sai asibiti, sai tiyata.

Bayan aikin likita ya kira yayansa, ni kuma na bi shi ciki ba a gayyace ni ba. Likitan ya ce kansa ce, ciwon daji, ta ƙaramin hanji. Sun yanke inda ƙarin yake sun haɗe hanjin, amma ta riga ta kai ga hanta. Da an kama ta tana wuri guda, yankan kan wadatar, mutum ya yi shekarunsa. Yanzu sai maganin da ake sawa ta jijiya, shi ma ba warkarwa zai yi ba, rage mata gudu kawai.

Muna fitowa yayan ya riƙe mani hannu ya ce kada wanda ya gaya mashi. Gidanmu ba a faɗa ma majinyaci irin wagga magana. Da sauƙi ake cewa, har a ɗauki mutum a makara ana cewa da sauƙi.

Anka sallamo shi shina murna. Da lokacin fara maganin ya zo, ya ce ba inda za shi. An yanke abu an yar, mi zai koma nema? Ya buɗe shago abinsa.

Manya sunka taru a zauren gidanmu. Yayansa ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Innata tana kuka daga bayan ƙyaure. Can wani kawunmu ya dube ni ya ce, "Kai za ka tahi. Ba abin da taubashi ba ya faɗi."

Nan sunka yi kuskure. Sun manta ni tun muna ƙanana nake sanar da mutuwar mutumen nan. Ya yi mura, na ce a haƙa kabari. Ko a asibitin nan, roba na cikin hancinsa, sai da na ce ya bar mani wasiyyar keken ɗinkinsa.

Na iske shi da hantsi, tef a wuya, riga na lilo a jikinsa kamar an rataye ta ga ƙusa.

"A'a, ɓarawon tuwo! Yau ba a dafa ba gidanku?"

Na zauna kan benci. Na ce, "Abin da anka yanke maka kansa ce. Kuma ba ta ƙare ba, ta shiga hanta."

Ya kwashe da dariya har ya dafe inda anka ɗinke shi. "Hanta kawai? Ba ta kai ga ƙoda ba? Ƙara mata gishiri mana, yau ƙaryar taka ba ta ji mai ba."

"Da gaske nike."

"Awo, kullum da gaske kake. Keken nan dai ba ka samun shi. Dubi fuskarka kamar jakin da anka hana ma dusa."

Ya tsaya shina jiran in rama. Ni da ko cikin barci anka zage ni sai na mayar, ranar na buɗe baki ba abin da ya fito. Ya ƙara wani zagin, ya haɗa har da kakannina na wajen uba. Ƙafarsa ta sauka daga kan keken.

"Kai, rama mana."

Na kalli ƙyallayen da ke ƙasa.

"Don Allah ka rama."

Babura na wucewa, mai fura na kiran ciniki a bakin titi. Sannan ya cire tef ɗin daga wuya ya naɗe shi a hankali. Ya tambaye ni wa da wa sunka sani. Na ce kowa, ban da shi da matarsa.

"Ciki gare ta, ka sani. Likitan ya ce ina kai haihuwar?"

"Ya ce in ka karɓi maganin, wataƙila."

"In ban karɓa ba hwa?"

Ya miƙe daga kan keken. Ya ce in tada babur ɗina mu tahi asibiti.

Maganin ya wahalshe shi fiye da ciwon, ko haka ni na gani. Baki ya yi gyambo, ruwa ma da ƙyar. Yatsunsa sunka mutu har zare ya gagare shi sawa ga allura. Duk ranar zuwa ni ke kai shi, a hanyar dawowa mu tsaya wajen Runjin Sambo ya yi amai cikin kwata, ya goge baki ya ce mu tahi. Bai taɓa cewa ya gaji ba, tambaya guda yake yi in mun shiga gida, ko ta fara naƙuda.

Ta haihu cikin damina, mace. Lokacin shina kwance, ko zama sai an tallabe shi. Manya sunka ce yayansa ya yi ma jinjirar huɗuba, taubashin nawa ya girgiza kai. Ni na ɗauko ta na kai kunnenta daidai bakinsa, don hannunsa ba ya riƙe ta. Ya yi kiran sallar yana tsayawa shina maida numfashi, ya raɗa mata sunanta.

Ba a yi arba'in da shi ba.