Goggo Dije da Ƙuri'ar Mutanen Sikotlan

Ku da kuka san Goggo Dije kun san kafin a gan ta ake jin ta, kuma ba muryarta ake ji ba, cikinta ake ji. Wata 'yar rediyo take ɗaurewa a ƙugu da tsohon ɗankwali, ta zura baƙar abaya a kai. Sai ka ga tsohuwa ta ɓullo daga lungun unguwar Mansur bakinta a rufe gam, amma wani ƙato yana karanta labaran duniya daga wajen cibiyarta. Wata baƙuwar alhajiya ta taɓa yin a'uziyya ta tsallake titi da gudu. Goggo ta bi ta da kallo ta ce, "Da kin tsaya, aljanin nan nawa har hasashen yanayi yake yi."

Ni ce Uwani, 'yar ƙaninta. A nan Makka aka haife ni, da takarduna, aure kuma ya kai ni unguwar Shisha. Ita Goggo aikin Hajji ya kawo ta tun ina goye. Ta ga Ɗakin Allah ta ce ba inda za ta, jirginsu ya tashi ya bar ta. Ba iƙama, wato izinin zama, ba takardar komai, fiye da shekara talatin. Ɗa ɗaya ta bari a ƙauyensu bayan Ɗambatta, Yaya Sani, a hannun kakarsa.

Hatsin tattabaru take sayarwa a unguwar Misfala, kusa da Harami. Alhazai su saya su watsa, tattabaru su ci su ƙoshi, ita kuma da maraice ta fito da 'yar tsintsiyarta ta share abin da ya rage, ta sheƙe, ta sake ƙullawa a leda. Na ce, "Haba Goggo, hatsin nan fa jiya kika sayar da shi."

Ta ce, "Jiya da shekaranjiya. Ke, su lada suka zo saya, kuma kowa ya tafi da nasa. Hatsin ai aro ne."

To, a wajen sharar nan ne wata rana cikin nata ya ba ta labarin da ya sauya mana zaman unguwa. Ta kira ni a waya, abin da ba ta yi sai dai ta yi fulashin, ta ce maza in zo. Na taho a taksi, na zaci kama ta aka yi. Na same ta zaune a kan kwali, fuska kamar wadda aka yi wa albishir.

"Uwani, ashe Bature ma yana da Baturensa?"

Wai ta ji an ce wasu mutane, 'yan Sikotlan, shekara ɗari uku suna haɗe da Ingila, yanzu za a tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko su ci gaba da zama ko su raba tukunya. Tambayar ce ta fi ɗaure mata kai. Ta ce lokacin da Turawa suka bar mu tana budurwa, kiɗa kawai ta ji a kasuwa aka ce an sami mulkin kai, ko mai gari ba a tambaya ba balle ita.

Na buɗe mata hotunan ƙasar a wayata. Ta daɗe tana kallo. Tuddai kore shar, tumaki ko'ina, sama a haɗe, ga maza ɗaure da zani iya gwiwa suna busa wata algaita mai jaka. Ta ce, "Makiyaya ne. Shi ya sa. Makiyayi ba ya son a riƙe masa sanda." Da na gaya mata kusan kullum ruwa ake yi a can, sai ta ajiye tsintsiyar.

Daga ranar nan, in zafi ya kai zafi, duwatsun Makka suna turiri, sai ka ji Goggo ta lumshe ido tana ba da labarin Sikotlan kamar a can aka yanke mata cibiya. Hadari ya taso daga gabas, iska ta kwantar da dawa, mata suna rige-rigen kwashe shanya, ƙasa ta yi wannan ƙamshin na ruwan fari. Kwaɗi sun cika kududdufin bayan gari, yara tsirara suna tsalle a ƙarƙashin indararo. Na ce, "Goggo, a Sikotlan ake noman dawa?" Ta buɗe ido ɗaya ta ce in ban je ba in yi mata shiru.

A daidai lokacin ne kame ya yi tsanani. Aka ce wanda ba shi da takarda ya miƙa kansa a mayar da shi ƙasarsa lafiya, amma za a ɗauki hoton yatsunsa, ba shi ba dawowa. Yaya Sani ya matsa da waya daga Kano, ya gina mata ɗaki, jikoki suna tambayarta, ta dawo ta huta. Mu kuma a nan muna cewa ina za ta je ta bar Harami da tsufanta. In ta tafi, ita da ganin Ka'aba har abada. In ta zauna, ita da gida har abada. Kowa yana faɗin nasa.

Sai ranar nan ta tara mu a ɗakin da suke haya da ƙawarta Hajiya Ramma, wata Badamagariya mai sayar da kunu. Ta ce in kira Sani in ƙara murya kowa ya ji.

"Kun ishe ni. Ga hukuncina. In mutanen Sikotlan suka fita, na fita. In suka zauna, na zauna. Halas, magana ta ƙare."

Yaya Sani ya ce, "Inna, su waye kuma waɗannan?"

"Ka je ka tambaya. Kai ka yi boko."

Wallahi kafin sati ya zagayo, Mansur ta rabu biyu. Mai tsire, mai gyaran takalmi, masu wankin mota, mutanen da ba su san inda Sikotlan take ba, kowa ya zama gwani. Yaya Sani a Kano ya zama ɗan a-ware na gidi, kullum sai ya turo mini saƙon murya wai man fetur ɗin tekunsu ya ishe su riƙe kansu. Hajiya Ramma, da ba ta son rasa abokiyar kwana, ta koma 'yar Ingila ta ƙin ƙarawa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ita Goggo. Mun san ba abin da take so kamar Harami, amma sai ga ta a sahun gaba na masu son a fita.

Ramma ta ce, "Dije, ki ji tsoron Allah. Shekara ɗari uku kuna ci a tukunya ɗaya, rana tsaka ka ce za ka kafa murhunka? Da wane itace?"

Goggo ta ce, "Shekara ɗari uku ana zuba maka, ko sau ɗaya ba a ba ka ludayin ba. Ke za ki yarda?"

"Ai ana ƙoshi."

"Ana ƙoshi a gidan yari ma."

Har Harami suka kai rigimar. Kowacce ta saci jiki ta tafi ɗawafi ba tare da ta gaya wa 'yar uwarta ba, sai ga su kafaɗa da kafaɗa a cikin cunkoso. Goggo ta ce mata a kunne, "Me kika roƙa?" Ramma ta ce tsakaninta da Ubangijinta ne. Goggo ta ce, "Na sani, Ingila kika roƙa wa. To ni sai na ƙara wani ɗawafin a kan naki." Ta ƙara kuwa, da gwiwar nan tata mai ciwo. Sai da muka kwana biyu muna gasa mata ƙafa.

Alhazai sun fara isowa a lokacin, don haka duk wani fari da ya tsaya sayen hatsi sai ta tare shi da "Sikotlan?" Wannan ya ce Turkiyya, wancan ya ce Bosniya. Ran nan ina wurin, Allah ya kawo wani dattijo mai jan gemu, asalinsa Bafakistane, ya ce eh, can yake zaune, can aka haifi 'ya'yansa. Goggo ta miƙe tsaye, ta danƙa masa leda biyu kyauta. Ku da kuka san ta kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ce in tambaye shi da ɗan Turancin da na tsinta a wurin aiki, wane ɓangare yake. Bawan Allah ya yi murmushi ya ce ya riga ya aika ƙuri'arsa ta gidan waya kafin ya taso, shi zama ya zaɓa, 'yarsa kuma fita, har ba sa zancen a wajen cin abinci.

Na fassara mata. Ta miƙa hannu a hankali ta zare leda ɗaya daga hannunsa. "Ɗayar ta 'yarka ce. Ka watsa da sunanta."

Ranar wata Juma'a da safe sakamako ya fito. Muna ɗakinsu, Ramma ta dama kunu, na zo da tamis da ful, burodi da waken Larabawa. Aka ce masu son zama sun yi rinjaye. Ramma ta rangaɗa guɗa, ni kaina na ji wani sanyi ya ratsa ni, don ban san yadda zan yi da Makka ba tare da Goggo ba. Na juya in rungume ta, sai na ga hawaye yana bin fuskarta, tana ta murza bakin abayarta. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka aiko mata da rasuwar mahaifiyarta.

Na ce, "Goggo, ai kin ci. Kin zauna kusa da Ɗakin Allah."

Ta ce, "Uwani, wa zai buɗe baki ya ce ya gaji da maƙwabtaka da Ka'aba, yana son ya je ya ga kududdufi? Ni dai bakina ba zai iya ba. Na ce ko su za su faɗa a madadina." Ta share ido ta ƙara da cewa, "Ban ga laifinsu ba. Su ma sun zo bakin ƙofa ne suka waiwaya."

Nan na gane dawar da ake nomawa a Sikotlan, na kuma ji kunyar murnar da na yi. Muka ce ai ba rantsuwa ta yi ba, ta shirya ta tafi. Yaya Sani ya zo Umara bayan nan, da furfurarsa, ya durƙusa a gabanta yana roƙo. Ta shafa kansa ta ce magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Taurin kai ne, amma ni na san har da tsoro, na ranar da za ta juya wa Harami baya ta san ba dawowa.

Ta ci gaba da sharar hatsinta. Duk sa'ad da aka ce mutanen can suna neman a sake tambayarsu, sai ta wartsake, ta wanke kayanta, ta fara lissafa wa za a kai wa dabino, wa za a kai wa zamzam. In maganar ta lafa, ita ma ta lafa. Jikokinta a fuskar waya ta san su, tana sa musu albarka tana goge gilashin da yatsa. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har gwiwar ta kwantar da ita, na ɗauko ta na dawo da ita wurina a Shisha.

Ana saura kwanaki ta rasu, da hantsi, ina ba ta kunu, ta ce, "Sun sake tambaya?"

Na ce, "Tukuna, Goggo. Suna ta ja-in-ja."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Kin ga yadda mutane suke zuwa nan su yi wa iyayensu da suka rasu aikin Hajji? To ni nawa a juye yake. Na yi Hajji har na manta adadi. Ke ki yi mini zuwa gida. Ki bari sai damina ta zauna. Ki sauka a wurin Sani, ki ce ya kai ki kabarin Innata, ki yi mata sallama ki ce Dije ce ta iso."

Na ce, "Sai mutanen Sikotlan sun fita?"

"Ke kin yi musu alƙawari ne? Tashi ki tafi abinki."

A Harami aka yi mata salla, a ƙasar Makka aka sa ta. Ni da ban taɓa taka Najeriya ba, bana na je. Yaya Sani ya kai ni maƙabartar ƙauyen, ciyawa har gwiwa, ya nuna mini wurin. Na yi sallama, na faɗi abin da aka aiko ni in faɗa, da sunanta, ba da nawa ba. Shi kuma da ya ji, sai ya juya baya ya rufe fuska da hularsa.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya yafe mata, ya karɓi wannan zuwa nawa a matsayin nata. Ya haɗa ta da mahaifiyarta a inda ba a cewa mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Su kuma mutanen Sikotlan, da suka riƙe wata tsohuwa a Makka ba tare da sun taɓa jin sunanta ba, Allah ya zaɓa musu abin da ya fi alheri. Amin.