Ƙofar Gilashin Kawu

Shagon kakanmu yana bakin hanyar kasuwar Zuru. Da ya rasu sai ya zama na mutum biyu, Inna da ƙaninta, wato kawuna. Tun da mahaifinmu ya tafi aikin soja bai dawo ba, abin da shagon nan ya kawo shi muke ci. Gishiri ne da sabulu da kwanonin silba da atamfa, ba wani abin a zo a gani ba. Amma ranar kasuwa, matan da ke saukowa daga Kanya da Danko da kaya a kafaɗa nan suke fara tsayawa. Su sauke masaki a ƙofa, su sha ruwan randa, su bar ajiyarsu su shiga kasuwa. In sun sayar da dawarsu su dawo su zauna kan buhunan gishiri, a yi ciniki ana tsokana, rabin hirar da yarensu na C'lela. Babu wadda ke tafiya ba a yi mata gyara ba.

Sai wasu 'yan ƙasar waje suka buɗe ƙaton kanti a hanyar Rikoto, fitilu a kunne da rana tsaka. Kayansu sun fi namu arha, wannan ba zan musa ba. Matan barikin soja da ma'aikata suka koma can. Matan ƙauye kuwa suka ce wurin da ake bin mutum da ido kamar ɓarawo ba wurinsu ba ne, suka ci gaba da zuwa namu.

Kawu ya leƙa kantin sau ɗaya, ya fito da ciwon da har yau bai warke ba. Dama shi mutum ne da in ya ga sabuwar hula a kan wani, tasa ta zama tsumma. Ya kira magina suka shimfiɗa tayil. Ya sa ƙofar gilashi, ya liƙa wa kowane kaya farashi, ya sayo kujera mai juyawa. Randar kuwa ya ce ƙauyanci ne, aka fitar da ita. Ya hana ajiya, ya hana gyara.

Inna ta ce, "Ƙanena, masu sayenmu daga gona suka hitowa. Ka bar musu wurin zamansu."

Ya ce, "Mi kinka sani, Yaya? Wanga zamani ba a kasuwanci da masaki bakin ƙohwa. Manyan mutane nika nema."

Manyan mutanen ba su zo ba. Wa zai bar kantin gaske ya zo na kwaikwayo, inda fanka ke tsayawa da zarar an ɗauke wuta? Matanmu kuwa suka riƙa zuwa suna tsayawa gindin bishiya, suna duban ƙafafunsu suna duban tayil. Shi yana ciki yana juyi a kujera, wai shi manaja. Na tsani kujerar nan, kuma ban ɓoye ba. A gida miyarmu ta fara tsinkewa.

Bayan girbi, dab da Kirsimeti, wata tsohuwa daga Kanya ta zo. Tun zamanin kakanmu take sayayya a wurinmu, ciwon ƙafa ne ya daɗe da hana ta saukowa. Ni da Inna muna zaune a waje. Ta sauke kayanta, ta ƙare wa shagon kallo, sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa gaban Inna.

Ta ce, "Sannu da haƙuri, ɗiyata. Ban ji ba. Yaushe ƙanenki ya mutu?"

Inna ta ce, "Yana nan da ransa, Baba. Ga shi can ciki."

Tsohuwar ta kara fuska da gilashi ta leƙa. Kawu ya gan ta sarai. Matar da ta san shi tun yana yawo ba wando, amma bai tashi ba. Ya ɗan ɗaga mata yatsu biyu, ya mayar da kai kan wayarsa.

Ta juyo ta ce, "A'a, wannan baƙo ne. In wurin baƙi zan saya, gara masu arha."

Ta sa takalminta, ta saɓa kayanta, ta nufi hanyar Rikoto tana ɗingishi. Matan gindin bishiya suka tashi suka bi bayanta. Inna ta bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ta ce mini mu tafi gida, ba abin da muke jira.