Malam Arzika Da Saniyar Da Ba A Ƙidaya Ba

Ranar Talata, 4 ga Maris, 2025, kwana huɗu da ɗaukar azumi, labari ya iske ni cewa ka rasu a gidanka na Jega, Malam Arzika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar nake ganinka kamar a mafarki, kana shigowa ajinmu na sakandare a Maiyama da tsakar rana, alli ya ɓata maka hannun riga, warin albasar da motocin Aliero suka ɗauko yana ratsowa ta taga.

Kai ka koya mana adabi. Ba ka karatu da gaggawa. Kakan tsaya tsakiyar jimla ka lumshe ido har mu ce barci ya sace Malam, sai ka ɗora daidai inda ka tsaya. Mun sha yi maka dariya a ɓoye, kuma na tabbata ka sani.

A ajin ƙarshe muka karanta wani tsohon littafi, labarin baƙon da ya sauka wani gari ya ce shi bafatake ne, ya ɓoye asalinsa shekara da shekaru. Ni ma ina da nawa ɓoyon. Ɗiyar makiyayi ce ni, daga wata ruga bayan Sabiyal, ina zaune wurin gwaggona a Maiyama. A shekarar an yi rigima kan shanun da suka shiga gonakin albasa, har an zubar da jini, kuma kusan duk 'yan ajin ɗiyan manoma ne. Sai na ce musu babana ɗan kasuwa ne a Jega. Na san in aka gane, zaman ajin ba zai ƙara yiwu mini ba.

Wata rana ka tambaye mu a ina baƙon ya fara tona kansa. Kowa ya ce a ƙarshe, inda ya faɗa da bakinsa. Ni kuwa daɗin labarin ya ɗebe ni, na ce a'a, tun ranar da garken shanu ya wuce, baƙon ya dube shi sau ɗaya ya ce saniya guda ba ta nan.

“Bafatake ƙidaya yake yi,” na ce. “Mai shanu ba ya ƙidaya nasa, fuskokinsu ya sani.”

Ka dube ni ka ce, “Naja'atu, ƙaƙa kinka gane haka?”

Kafin in buɗe baki ka juya ga allo ka ce, “Bari, na gane. Karatu ta yi da natsuwa, ku kau kun bi shi da gudu.” Ka rubuta amsar da manyan baƙaƙe, ka wuce babi na gaba. Ka gane sarai, Malam. Na gani a idonka. Amma har na gama makaranta ba ka taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa.

Ranar sadakar uku na je Jega. Matarka, Inna Iklima, ta riƙe hannuna ta ce kana yawan ambaton wata Naja'atu mai ganin abin da marubuci ya ɓoye, amma in ta tambaye ka gidansu sai ka ce Naja'atun ke da wannan amsar. Sannan ta ce, “To ke ɗiyar wa ta?”

Ɗakin cike yake da mata, har da biyu daga ajinmu. Na ce, “Babana Tamu ne, mai kiwo, daga rugar bayan Sabiyal.” Shekara goma sha ɗaya ke nan ban faɗi haka a gaban mutanen gari ba, kuma na yi baƙin cikin cewa ba ka ji ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Iklima da 'ya'yanka da dukan ɗalibanka na Jega da Aliero da Maiyama. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ka rufa wa ɗiyar makiyayi nata. Amin.