Shuɗin Fentin Katangar Gidana

Shekara biyu bayan rasuwar maigidana, katangar gidanmu ta koma ruwan toka. Farin fentin da ya sa aka shafa tun muna sababbin tarewa ya ɓare, ruwan damina ya ja baƙin layi daga indararo har ƙasa. Ni ban ma lura ba. Da sassafe nake fita zuwa firamaren da nake koyarwa, in dawo a gajiye. Yayan mijina ne ya nuna mini.

Ya zo daga Dutsi wata Asabar, ya ƙi shiga ciki, ya tsaya bakin zaure yana kankare bango da farce.

"Kin gani ko, Malama? Haka gida yake komawa in ba namiji. Ki kwashi yaran nan ku dawo Dutsi, ga ɗaki nan. Akwai mai sayar da kayan babur da ke neman haya, shi zai gyara wurin."

An riga an raba gado. Su 'yan'uwan marigayi sun ɗauki gona, gida ya zo a rabona da 'ya'yana mata uku. Na ce masa, "Yaya, gidan bai rushe ba. Fenti ne ya tsufa."

"To, ki shafa mu gani," in ji shi, ya hau babur ɗinsa.

Washegari na aika aka kira mini mai fenti, wani dattijo da ya taɓa yi wa makarantarmu aiki. Ya zagaya gidan sau biyu yana auna bango da taku. Ya ce sai an kankare tsohon fenti, a cike tsaga da siminti, a yi shafi biyu, ga kuma hayar dogon tsani. Ya faɗi kuɗin. Albashina ne na wata huɗu, har da ɗoriya.

"Baba, a ciki nawa ne na fenti, nawa ne na hannunka?"

Ya ce kusan rabi da rabi.

"In kai ka yi sama, inda sai da tsani, ni na yi ƙasa fa?"

Ya kalle ni, ya kalli titi. "Ke da kanki, Malama? A waje?"

"Ai bangon a waje yake."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, amma ya yarda, ya rage fiye da rabin ladansa.

Ina da raguna biyu da nake kiwo don babbar salla. Na ba maƙwabcinmu ya kai su kasuwar Mai'adua ya sayar. Babbar 'yata ta yi kuka, domin ita ke ba su dusa. A shagon wani Ibo da ke bakin tasha na sayi bokiti huɗu na fenti da rola biyu ta shafawa. Ya ce in ɗauki ruwan madara, shi kowa ke saye kuma ya fi araha. Na ce shuɗi nake so, irin wanda za a hango tun daga kwanar hanyar Kusugu.

Muka fara ranar da aka ba da hutun makaranta. Na ɗaura tsohon zane, na sa hijabin da ya riga ya koɗe, ni da 'yan matana muka kama kankare bango da ƙarfen da Baba ya ara mana. Wannan aikin shi ne mai wuya, ba shafin ba. Kwana uku hannuna ba ya iya damƙe ludayi sosai. Masu wucewa suna rage tafiya. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, ba ki da maza a dangi?" Na ce ina da su, suna lafiya, na ci gaba da aikina.

Labari ya kai Dutsi. A rana ta biyar, ina tsakiyar shafa gefen zaure, sai ga Yaya.

"Malama, ki ajiye abin nan ki shiga gida. Kina so a ce mun yar da ke?"

"Ba wanda ya yar da ni, Yaya. Ka ce in shafa ku gani. Ga shi ina shafawa."

"Da kin yi magana ai da an taimaka."

"Maganar da ka zo da ita ta haya ce."

Ya ɗaga kai wajen Baba da ke kan tsani, ko zai sa baki. Baba ya ce, "Alhaji, matsa kaɗan, kar ya ɗiga maka a riga." Ya matsa. Daga nan ya tafi ba sallama. Ni kuwa ban ajiye rolar ba sai da na kai ƙarshen bangon.

Kwana tara muka yi. Aikina bai kai na Baba kyau ba. In ka matso za ka ga inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara, kuma fenti ya ƙare mana a bangon baya, shafi ɗaya ya samu. Sallar shekarar ba mu yi layya ba, maƙwabta suka aiko mana da nama, muka ci ba kunya.

Yaya ya yi wata shida bai taka gidan ba. Da ya dawo, gaisuwa ce ta kawo shi, ya shiga har tsakar gida ya sha ruwa. Bayan tafiyarsa da kwana biyu, matar da ke gida na uku daga namu ta yi sallama. Mijinta direba ne, yana can Kwangwalam ba ya samun zama. Ta tambaya ko rolata tana nan. Na ɗauko mata duka biyun, na ce ta fara da kankare bango, kuma ta naɗe tafin hannunta da tsumma.