Sawun Tayar Ila

A Gangara, in an gama cin tuwo, kakarmu takan ƙara kara a murhu ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso." Ni da ƙanena Ila sai mu hau rigimar wa zai jingina da cinyarta. "Kai mijin banza, ko goro ba ka taɓa kawo mini ba, matsa can!" in ji ta, sai ta jawo Ila jikinta.

Akwai wata tatsuniyarta da take ba ni haushi, ta wani mai bin sawu. Ran nan aka sace raƙumi, mutanen gari suka ɗauko sanduna suka biyo bayan mai bin sawun. A bakin rijiya ya duƙa, ya ga sawun ƙafa mai yatsa ɗaya a karkace. Ƙafar ɗansa ce. Nan Kaka take yin shiru, ta shiga gyaran wuta.

Sai in ce, "To, sai ya yi yaya?"

"Oho. Har yau yana nan a duƙe."

Watan jiya na kalli wani fim a gidan kallo na Tanout, wani jandarma yana farautar ɓarawon shanu, ashe amininsa ne. Samari sai tsaki suke, wai ba harbi, ba gudun mota, mutum sai zama da kallon ƙasa. Ni kuwa wallahi ya shige ni. Fim ɗin bai damu da shanun ba, kan fuskar mutumin ya tsaya, ana ganin abin yana cin sa.

Yau da la'asar aka kwashe awakin wata tsohuwa a Tarka, inda nake zaune yanzu. Na bi jama'a. Sawun moto ne, wato babur, a kan yashi, tayar baya da faci a gefe. Da hannuna na yi wa Ila facin nan. Ɓarawon da aka kama bara, dukan da jama'a suka yi masa, kafin jandarmomi su iso ya cika. Sai yau na gane Kaka ba rowar labari take mana ba, ita ma ba ta da amsar.

Na ce musu rana ta faɗi, mu bari sai da safe, suka yarda. Tun magariba nake kiran wayar Ila, a kashe take. Tsoro nake ji. Ina ta roƙon Allah Ya aiko iska ta share sawun nan, ina kuma jin kunyar roƙon, don tsohuwar ba ta da komai a duniya sai awakin nan.