Idon da Zulkifilu Ya Sa wa Tukunyar Tururi

Zulkifilu Isma'il shekararsa talatin da shida, Bazazzagi ne, kuma har zuwa bazarar 2015 abin da ke rubuce a iƙamarsa, wato katin zama a Saudiyya, shi ne lebura. Wayarin injin masana'anta ya koya a gida, amma bizar da ta samu lokacin da zai zo Riyad a 2011 ta lebura ce. Ya karɓa, domin an ce masa ana canzawa.

Ana canzawa ɗin, sai dai idan kafili, mai ɗaukar nauyin ma'aikaci, ya ga dama. Lebura kuwa ba a ba shi izinin kawo iyali. Shi ya sa matarsa Huseina ke zaune a Tudun Wada da 'yarsu Khalida, wadda aka haifa bayan tahowarsa, shi kuma yana raba ɗaki da wasu 'yan Nijar a Al-Oud.

Kamfanin da yake wa aiki ƙarami ne, shagonsu na Gubaira, sana'arsu gyaran injin hura wuta na masana'antu. Babban injiniyansu, Ridwan, Bakano ne, tun ranar farko ya laƙaba masa suna "bawana". Shi ne ya yi ta zuwa wajen kafilin har mutumin ya ce to: Zulkifilu ya yi aiki ɗaya shi kaɗai daga farko har ƙarshe, idan masu masana'anta sun karɓa, za a mayar da iƙamarsa ta mai fasaha.

Aikin ya faɗo a wata masana'antar madara da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Tukunyar tururinsu da dizal take aiki, kuma na'urar da ke duba ko wutar na ci ta tsufa. Ma'aikata "ido" suke kiranta. Sabuwar da aka kawo tana kama hasken zafin nan da mutum ba ya gani, infirared, da kuma rawar da harshen wuta ke yi. Ana ɗaura ta a ƙarshen wani guntun bututu da ya huda bangon tukunyar. Da wuta ta mutu, dole idon ya sa a rufe mai nan take, in ba haka ba dizal zai ci gaba da feshi cikin ɗaki mai zafi har abin ya fashe.

Zulkifilu ya isa wurin tun ƙofar ba ta cika da motoci ba. Hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ya cire tsohon, ya yanka sabon bututu, ya saita shi, ya ɗiga walda kaɗan don ya tsaya kawai, domin a shagonsu ba a kammala walda sai an gama gwaji. Ya sa mahaɗi mai hana zafi isa ga idon, ya jawo siririn tiyo na iska don kada hayaƙi ya rufe gilashin, ya ja wayar a bututunta daban. Ridwan na zaune a gefe da kofin shayi, ya riga ya yi alkawarin ba zai taɓa ko sukudireba ba.

Kafin Azahar aka kunna. Wuta ta kama da gurnani, koriyar fitila ta haska a allo. Masu kula da tukunyar suka shiga cewa ma sha Allah, wani ya daki kafaɗar Zulkifilu. Zulkifilu ya ji kamar ya yi tsalle. Har ya ciro waya zai kira Huseina.

"Bawana, mayar da ita aljihu," in ji Ridwan. "Mun ga ya iya cewa akwai wuta. Saura mu ji ko ya iya cewa babu."

Wannan gwajin sai bulon da ke cikin tukunyar ya yi jajir. Suka yi salla, suka ci shinkafa a kantin masana'antar, suka dawo. Injiniyan masana'antar ya zo ya tsaya, ya ce shi kafin Magariba yake son tururi ya koma layin sarrafa madara, in ba a gama ba zai sa a mayar da tsohon ido, ya kira wani kamfani. Zulkifilu ya kama hannun bawul ɗin mai, ya yi bisimilla, ya rufe.

Gurnanin ya tsaya. Koriyar fitilar ba ta mutu ba. Suka tsaya suna kallonta, ita ma tana kallonsu.

"To, idon Zazzau ne," Ridwan ya ce. "Abin da babu shi yake gani."

Zulkifilu bai iya dariya ba. Ya kwance idon, ya kanga baƙin gilashi, ya leƙa ta bututun. Bangon baya ya gani, ja kamar garwashi, iskar fanka na wucewa ta gabansa tana sa hasken rawa. Shi ne idon ya ɗauka wuta ce. Da safe, lokacin da bulon ke da sanyi, ya saita bututun can tsakiyar wuta inda ta fi girma, ya manta da abin da ke bayanta. Da ya gane haka sai murna ta kama shi, domin abu ne mai gyaruwa.

Ya karya ɗigon waldar, ya karkato bututun zuwa gindin wuta, kusa da bakin da mai ke fita, inda ba bulo a baya. Ya sa wani faifan ƙarfe mai ƙaramin rami a gaban gilashin don rage faɗin abin da idon ke gani. Da aka kunna, idon ya ƙi ganin ƙaramar wutar farko, injin ya kashe kansa. Ramin ya yi ƙanƙanta. Ya canza da mai ɗan faɗi, gumi na shiga masa ido, injiniyan masana'antar na duba agogo. Wannan karon ta kama, ta tsaya.

Suka bar ta ta ci har bulon ya sake yin ja. Bayan La'asar ya sake kama bawul ɗin, ya rufe. Kafin ya ɗauke hannunsa fitilar ta mutu, jiniya ta ɗauka.

"Ya ce babu, Injiniya! Wallahi ya ce babu!"

Mutane daga wasu sassa suka rugo, sun ɗauka gobara ce, suka tarar da mutum ya rungume injiniyansa yana dariya. Injiniyan masana'antar ya sa aka maimaita, aka sake maimaitawa, sannan ya ce khalas, shi ke nan, a kammala walda.

Kafilin ya cika alkawari, ko da yake sai da aka shiga sanyi sabuwar iƙamar ta fito. Izinin kawo iyali ya biyo baya, Huseina na jiran fasfon Khalida ne kawai. Ranar Asabar ɗin da ta wuce Zulkifilu ya kwashe kayansa daga Al-Oud zuwa wani gida mai ɗaki biyu a Gubaira, ya haɗa murhun gas a kicin, ya bi tiyon da ruwan sabulu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana duba ko gas na yoyo.